Na ci ƙuri'ar farauta a Kwalarado, yanzu an ce kayan bindigata duk haramtattu ne

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san dokar farauta a nan Amurka ya taimake ni, wallahi kwana uku ke nan barci bai ishe ni ba. Bari in fara daga tushe don ku gane dalilin da abin ya dame ni haka. Ni ɗan maharbi ne, mahaifinmu Allah ya jiƙansa da bindigar toka ya ci da mu, ina yaro ni ke riƙe masa ƙahon albarushi idan zai yi ɗuri, ina kallo ya zuba, ya cusa tsumma, ya sa dalma, ya danna da sanda, har yau idan na ji warin albarushi shi nake tunawa. Shekarata 14 a ƙasar nan ina tuƙin babbar mota ban taɓa shiga daji ba, sai wani abokin aikina Bature da muke hira ya ce ai a nan ma akwai lokacin da aka ware wa masu bindigar da ake ɗurawa ta baki kawai, a tsakiyar Satumba, kwana 9. Ranar nan hawaye na yi a cikin mota. Na je na yi kwas ɗin koyon farauta tunda duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai da takardar, na yi shekara uku ina shiga ƙuri'ar neman lasisin farauta duk Afirilu ina tara makin da ke ƙara damar ci, bana Allah ya yi na ci. Na nemi hutu a wurin aiki da kyar suka ba ni, na yi wa yarana alkawarin kilishi, har ƙanena da ke gida na gaya masa.

Na shiga wani shago na sayi bindiga an haɗa ta da komai, madubin hange a kai, albarushi mai curi-curi da harsashi mai rigar roba, kusan dala 700 suka tashi. Na yi wata biyu ina zuwa filin gwaji, a yadi 150 ba na kuskure. Shekaranjiya wani dattijo a filin ya ce min idan na shiga daji da waɗannan za a kama ni. Saura sati uku. Ya zan yi?

Ɗan Agadas:
Wa'alaikumussalam. Malam ka ba mu tarihin gidanku kaf amma ba ka faɗi abin da za a yi aiki da shi ba. Wace dabba ce a lasisin? Bakin bindigar nawa ne, .45 ko .50? Kuma a wace jihar ka saye ta?

Sarkin Baka na Fensilbeniya:
Dattijon nan gaskiya ya gaya maka, ka je ka yi masa godiya. A Kwalarado a lokacin masu ɗuri abu uku ɗin da ka lissafa duk an hana. Madubin hange babu, sai saitin ƙarfe da idonka. Harsashin da ke cikin rigar roba babu. Albarushin da aka cura babu, sai na gari wanda za ka auna da kanka ka zuba. Ita bindigar kanta irin ta zamani da wutarta ke tashi daga baya a miƙe sun yarda da ita, shi ke nan abin da ya rage maka.

Kuma in gaya maka tsakani da Allah, dokar daidai ce, ni ma da za a tambaye ni sai a ƙara tsananta ta. Me ya sa aka ba masu ɗuri Satumba, lokacin da mazan elk (wata ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa) ke barbara suna ta kuka suna nuna inda suke, aka tura masu raifil can Oktoba da Nuwamba? Don an san bindigarka harbi ɗaya ce kuma ba ta nisa, sai ka yi sanɗa ka matso. Tunda wani maƙerin bindiga Tony Knight ya fito da irin wannan ta zamani a 1985 mutane suka yi ta ƙare-ƙare har ta koma raifil sai dai suna. Mu nan Fensilbeniya bayan Kirsimeti akwai lokacin da ba a yarda da komai ba sai bindigar ƙanƙara, dutse ya ƙyasta ƙarfe ya ba albarushi wuta, tun 1974 ake yi. Shekarata 11 ina shiga dusar ƙanƙara da ita. Kai da ka ce ɗan maharbi ne, babanka da madubi ya yi harbi?

Baban Ummi:
Elk ce, namiji. Bindigar .50 ce. Ɗan Agadas a Nebraska na saye ta a kan hanya ina dawowa da kaya, kuma na gaya wa yaron shagon farautar ɗuri zan je ya ce wannan ita kowa ke saya. Alhaji Sarkin Baka na ji maganarka amma ka daina sako mahaifina a ciki dan Allah. Shi yana da ido, ni shekarata 53 kuma sai da tabarau nake karanta saƙo a waya. Ba son banza ya sa na sa madubi ba, tsoron raunata dabba nake ta tafi ta mutu a banza, ai wannan ma tausayi ne.

Ɗan Agadas:
To an gano bakin zaren, kowace jiha da tata dokar, yaron shagon da ta jiharsu ya yi maka magana. Alhamdulillahi tunda .50 ce, don a Kwalarado elk sai .50 zuwa sama, da .45 ce da sai sabuwar bindiga. Abin da za ka yi bai kai yadda ka ɗauka ba. Kwance madubin, sukuru huɗu ne ko shida. Duba saman bututun ko da ramukan ɗaura saiti, yawancinsu suna da shi, ka sayi irin mai ƙaramin rami da ake leƙawa ta ciki, wannan yana taimakon masu raunin ido sosai, gaban kuma mai ɗan zare mai ƙyalli wanda ba batir. Albarushi ka sayi na gari, Triple Seven ko Pyrodex ko Blackhorn 209, da ma'auni. Harsashi ka nemi wanda ya cika bakin bututun da kansa. Sai ka koma fili ka fara daga yadi 50, don duk saitin da ka yi a baya ya tashi aiki.

Mai Tasi Kolombas:
Ni dai wannan doka ban ga kanta ba. Mu a Ohayo a Janairu da madubinmu muke fita, ba wanda ya ce uffan, barewa kuma ba ta ƙare ba, har cikin gari take shigowa tana fasa wa mutane mota. Ni bara ta fasa min fitila da bamba, inshora suka yi ta ja min rai wata biyu mota na ajiye ba aiki, haya na jira, ga kuɗin makarantar yara a gida. Masu kuɗi ne kawai ke son a mayar da farauta wasan gargajiya, mu nama muke nema. Baban Ummi ka sa madubin a jaka, idan ka yi nisa cikin duwatsu waye zai gan ka.

Sarkin Baka na Fensilbeniya:
Kai Mai Tasi ka ji tsoron Allah, ka tura bawan Allah ya karya doka a ƙasar mutane? Malaman dajinsu har kan doki suke hawa duwatsun nan, su tare ka su duba lasisi, su duba abin da ke cikin bututu. A ci ka tara, a iya ƙwace naman da bindigar, a rubuta maka maki na laifi da za su kai ga hana ka farauta, kuma jihohin sun haɗa kai, wanda aka dakatar a ɗaya an dakatar da shi a sauran. Banda haka ma madubi ba hula ba ne da za ka cire ka mayar, kana kwance shi saiti ya gushe. Kuma kar ka haɗa Ohayo da yamma, ku barewa ta yi muku yawa so ake a rage, can kuwa fili ne fetal kana hango dabba daga dutse zuwa dutse. Niyu Meziko sun cire madubi daga 2023 saboda masu ɗuri sun fara kashewa kusan kamar masu raifil, zaɓi ya zama ko a rage lasisi ko a rage kayan aiki. Yuta ma daga 2024 sun hana madubi mai kusanto da abu. Duk mahaukata ne?

Baban Ummi shawarata ka ajiye wannan bindigar mai jikin roba ka nemi ta katako irin Hawken, .54, dalma mulmulalliya da ƙyalle, tunda in da mulmulalliya za ka harbi elk sai .54 doka ta ce. Ita ce ta yi kama da ta gidanku.

Ɗan Agadas:
Alhaji a sati uku? Mutumin da ke kukan dala 700 za ka sa ya sake sayen wata ya kuma koyi sabon hannu? A bar shi da wadda ya saba da kunamarta.

Maman Khalifa:
Ku yi haƙuri in sa baki. Maigidana shekara huɗu ke nan yana wannan harka, firiza guda ya saya tun kafin ya harbi komai, har yau ƙanƙara da kuka da daddawa nake ajiyewa a ciki. Duk Satumba ya tafi ya bar ni da yara uku da aikin dare, ya dawo da ciwon gwiwa da tufafi masu warin hayaƙi. Baban Ummi ka tambayi Maman Ummi ra'ayinta kafin ka ƙara kashe ko sisi.

Malam na Bronks:
Abin da ba wanda ya taɓo, ka yi bisimilla lokacin da za ka saki harbin, in ka iske ta da sauran rai ka yanka. To bindiga mai harbi ɗaya, kafin hayaƙi ya washe ka sake ɗuri dabba ta shige kurmi. Saboda haka kar ka harba sai inda ka tabbata, kuma wuƙarka ta kasance a kusa.

Baban Ummi:
Na gode Malam, wannan ai shi nake faɗa tun ɗazu, da madubi na fi tabbata. Jiya da yamma na kwance shi na gwada da saitin wani a filin, irin bindigarmu ɗaya. Wallahi idan na kalli ƙarfen gaba takardar da nake auna harbi a kai sai ta zama hazo, idan na kalli takardar ƙarfen ya rabu biyu. A yadi 50 harbi biyar uku ne suka shiga faranti, kafaɗata ta yi tsami, hannuna duk baƙi. Na dawo gida na zauna a mota ban shiga ba kusan awa guda. Maman Khalifa, ita ce ma ta cika min kuɗin bindigar daga adashinta, shi ya sa ban iya gaya mata ba har yanzu. Kuma ni ban yarda laifina ba ne, na tambaya a shago, me ake so in yi bayan tambaya?

Sarkin Baka na Fensilbeniya:
Ka karanta littafin dokar da hukumar ke fitarwa kyauta duk shekara, shi ake so ka yi, a ciki aka rubuta har riga mai ruwan lemo da hula da za ka sa. Uku cikin biyar a rana ta farko ba laifi, ni da na fara ko allon ban samu ba. Ƙirjin elk ya fi farantinka faɗi nesa ba kusa ba. Ka je fili sau shida kafin ranar, ka tsaya a yadi 60, abin da ya wuce haka ka bar shi ya tafi.

Mai Tasi Kolombas:
Ya tafi bayan shekara uku yana jira? Alhaji kai dai kana da lokaci. Ko ya mayar musu da lasisin su dawo masa da makinsa ya jira lokacin raifil, a can ai an yarda ya riƙe ta ɗuri da madubinta.

Ɗan Agadas:
Mayarwa sai da sauran kwana 30 kafin buɗewa, ya riga ya wuce, sai dai in da uzuri irin na rashin lafiya. Amma akwai izini na musamman da hukumar ke ba masu larura, likita ke cike takardar. Ka kira ofishinsu gobe da safe ka faɗi matsalar idonka ka ji abin da za su ce.

Sarkin Baka na Fensilbeniya:
Tabaraun karatu ba larura ba ce, tsufa ne, dukkanmu muna da shi. Kar ka ɓata sati guda kana jiran takarda.

Baban Ummi:
Zan kira su duk da haka, ba abin da zan rasa. Saitin mai rami na duba, wanda ya dace da tawa sai an aiko, sun ce kwana 8 zuwa 10, ga shi jibi zan ɗauki kaya zuwa Yuta sai Juma'a in dawo. Madubin dai ban mayar ba kuma ban sayar ba, yana cikin akwati. Ɗan Agadas albarushin garin nan awo nawa kake zuba wa taka, kuma curi biyun da nake sawa daidai da nawa ne a ma'auni?

Mai Tasi Kolombas:
In za ka sayar da madubin ka yi min magana ta inbox.