Masu ciwon suga a Makka da Jidda: me ake duba muku a asibiti?

Hajiya Ummu, Rusaifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Likitoci suna auna kulawar da mai suga ke samu da gwajin tarakumi (gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na watannin baya) duk wata 3 zuwa 6, wanda ake so ya zauna ƙasa da kashi 7 cikin 100 ga yawancin manya, sai duban ido, ƙafa da fitsari saboda ƙoda, sau ɗaya a shekara. A cikinmu wa ake yi wa duk wannan?

Baba Abu Yasir, Hindawiyya: Wa alaikumus salam 'yata. Ni ɗan ƙasa ne, alhamdu lillahi. Jikana ke kama min layi ta manhajar waya ta Sehhaty, magani kuma in karɓa kyauta ta tsarin karɓar magani na Wasfaty. Tarakumi ba ya wuce ni. Ƙafa ce dai sai na cire takalmi da kaina kafin likita ya waiwaye ta.

Malam Sani, Jidda: Ni inshorar kamfani gare ni. Ana yin gwajin jini, amma duk zuwa sabon likita nake tararwa, sai in sake ba da labari daga farko. Tarakumina ya kai 9, aka ƙara min maganin suga na Glucophage aka sallame ni. Babu wanda ya tambayi abin da direba irina ke ci a hanya, alhali burodin tamis da shayi mai zaƙi ne karin kumallona.

Maman Fa'iza, Shara Mansur: Yaya Ummu, ku kuna zancen lamba, mu ko a lissafi ba mu. Innata ba ta da iƙama, wato izinin zama, komai da kuɗi hannu. Insulin muke fara saya, gwaji sai in an samu rara. Bara ta taka tayil ɗin tsakar gida da azahar ba takalmi, tafin ƙafarta ya saɓule, ita kuwa ko zafi ba ta ji ba. Sai da na ga jini a safarta muka sani. Yanzu kullum bayan isha'i nakan haska tsakanin yatsunta da fitilar waya.

Hajiya Ummu: Allah ya ba Inna lafiya, ƙanwata. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. An taɓa duba mata ido kuwa?

Maman Fa'iza: Amin. Ba a taɓa ba, ga shi ta fara cewa tana ganin hazo. Wanda ya san kuɗin duban idon a asibitin kuɗi, don Allah ya sanar da ni.