Wai addini ne ya tsara kasuwannin biranen musulmi ko dai wari ne?

Malam Na-Azhar: Jama'a ni fa ina nan kan maganata, tsofaffin kasuwannin biranen musulmi addini ne ya tsara su. Ku duba Fas ta Maroko, 'yan turare suna jikin masallacin Ƙarawiyyin, a Istanbul 'yan littattafai na manne da masallacin Bayazid, majema kuwa an tura su can gefe, ga muhtasibi, wato jami'in sa ido kan kasuwa, yana zagaye yana duba mudu da sikeli

Ɗan Kurmi: Allah gafarta malam wannan ai ba sai da fatawa ba, wari ne kawai. Wa zai yarda a jiƙa fata da kashin tattabara a ƙofar shagonsa? kuma jima sai da ruwa shi ya sa majemar Shuwara ta Fas take kusa da kogi, a cikin ganuwa ma take ba waje ba, kuma ba wani nisa ne da Ƙarawiyyin ɗin ba

Hajiya Mai Turare: hhhh wallahi gaskiyarsa, masu zuwa kallon wurin ganyen na'ana'a ake miƙa musu su kara a hanci

Injiniya: Ni abin da ya fi tsaya min Dimashƙa ce. Ka bi kasuwar Hamidiyya har ƙarshe, kafin ka isa masallacin Umayyawa sai ka ratsa ginshiƙan ɗakin bautar Rumawa, wato tun kafin musulunci nan ne tsakiyar gari, gadon wurin aka yi

Malam Na-Azhar: To Injiniya waƙafi fa? Shi ma Rumawa ne? Sultan Muhammad Fatih da ya fara babbar kasuwar Istanbul wajajen 1455 ai masallacin Aya Sofiya ya sa ake kai wa kuɗin hayar shagunan, kasuwar kayan yaji ma don ta riƙe wanda ake kira Sabon Masallaci a can Istanbul aka gina ta a shekarun 1660

Injiniya: Wannan kam na ba ka, haya ta masallaci ce. Amma inda kuɗi ke tafiya daban, inda majemi zai zauna daban

Ɗan Kurmi: mu nan kasuwar Kurmi tun zamanin Rumfa kowace sana'a da layinta, kuma bakin Jakara aka kafa ta ba ƙofar masallacin Juma'a ba, mu ba musulmi ba ne kenan?

Hajiya Mai Turare: Ɗana ka bar malam ya sha ruwa mana

Malam Na-Azhar: Hajiya ƙyale shi, batun muhtasibi har yanzu ba wanda ya taɓa min shi