Shuɗi da ja a gefen jinjirin wata: wane gilashi zan haɗa da wane?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Na'urar hangen nesa ce haɗin gida, gilashi ɗaya mai tudu a gaba, yana tattara haske a mita ɗaya. In an duba wata sai shuɗi ya zagaye gefensa, a ɗan matsa kuma ya koma ja. An ce gilashi biyu ne maganinsa. Ya lissafin yake?

Injiniya Gwale: Wa alaikumus salam. Gilashi ya fi lanƙwasa shuɗi a kan ja, shi ya sa shuɗin ke haɗuwa kusa, jan can baya. A nau'in gilashin da ake kira BK7, mai tattara haske a mita ɗaya, tazarar ta kai wajen milimita 16. Sai ka sa mai tudu na BK7 a gaba, lambar Abbe ɗinsa 64 (ma'aunin yadda gilashi ke raba launuka, in lambar ta yi girma rabawar kaɗan ce), ka bi shi da mai kwarmi na wani nau'in gilashi, F2, nasa 36. Sharaɗin shi ne in an raba ƙarfin kowanne da lambarsa, su soke juna. Tsakanin 64 da 36, 28 ne. Raba 64 da 28, ka sami dayofta (ma'aunin ƙarfin gilashi) +2.3, raba 36 da 28, ka sami −1.3. Jimla +1, mitarka ɗaya ke nan. Tsohuwar dabara ce, tun 1758 John Dollond ya yi rajistarta a Ingila.

Mai Tabarau: Injiniya, ina zai samo F2 a Kano? Malam, je shagon tabarau a Sabon Gari, ka nemi gilashin tabarau na roba wanda ba a yanka ba: +2.00 na nau'in CR-39, Abbe 58, da −1.00 na nau'in folikabonet, Abbe 30. Biyu bisa 58 da ɗaya bisa 30 kusan ɗaya ne. Illarsa, gilashin ido a gantsare yake, gefensa na ɓata hoto. Rufe shi da baƙin kwali, ka bar kafa ta kamar santimita 3 a tsakiya.

Injiniya Gwale: Haka ne, ya isa gwaji. Amma kada ka manne su da gam. Kowanne da yadda yake buɗewa in ya sha zafi, ranar Afrilu kuwa za ta ɗaye su. Sa 'yan guntayen takarda uku a gefe tsakaninsu, tsakiyarsu ta zo daidai, in ba haka ba launin zai taru gefe guda. Ko a BK7 da F2 ba ya mutuwa gaba ɗaya: ja da shuɗi sun haɗu, kore na saura da kusan rabin milimita.