Birkin gaban tsohuwar Hilux yana ɗaukar zafi a gangara, me zan canza?

Dan_Bukuru: Salam 'yan uwa. Ina da Hilux 1985 mai fowil, ta gadon babanmu ce, dankali nake ɗaukowa da ita daga Bokkos zuwa Abuja. Matsalar ita ce idan na sauko Hawan Kibo da kaya, tun kafin in kai rabi birki sai ya yi laushi, in taka har ƙasa motar tana ta tafiya abinta, ga warin ƙuna. Makon jiya da kyar na samu gefe na tsaya, na watsa ruwan leda a taya sai ga hayaƙi fuuu. Na canza pad sau biyu bana. Wani ya ce in saka birkin Land Cruiser a gaba, da gaske yana shiga?

Usta_Panteka: Wa alaikassalam. Da farko dai don Allah ka daina zuba ruwa a faifai mai zafi, lanƙwasa shi kake yi. Eh birkin Land Cruiser yana shiga, na yi wa motoci da dama. Faifan motarka dunƙulalle ne ba rami, shi ya sa zafi ba ya fita, na Land Cruiser 60 kuwa mai ramukan iska ne a tsakiya kuma noti shida ne kamar naka. Amma ya fi naka kauri, kalifarka, wato maƙalin da ke matse pad a jikin faifai, ba za ta haɗiye shi ba, sai ka nemo kalifar Hilux ko 4Runner masu IFS, wato waɗanda kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai, na 1986 zuwa 1995, ka ɗan yanke farantin ƙura na baya. Aikin yini guda ne don sai an kwance hob, wato inda taya ke zama, an buge sitod ɗin da ake ɗaura noti a kai, tunda an buɗe a duba boris a sa sabon giris kawai. Kafin ka biya kuɗi ka gwada rim ɗinka a kai, wani rim yana gogar kalifa.

Baba Direba: Yaro a wace giya kake saukowa? Shekara talatin ina bin hanyar nan, ban taɓa sauka Kibo sama da lamba biyu ba in da kaya. Buhu nawa kake lodawa, faɗi gaskiya.

Dan_Bukuru: Baba lamba uku ne, wani lokaci huɗu. Maganar buhu kuma a bar ta kawai 😅

Injiniya_Sule: Abin da Usta ya faɗa daidai ne, amma ni wannan laushin da ka ce ya fi kama da man birki ne ke tafasa. Yaushe rabon a zubar da shi gaba ɗaya, ba ciko ba? Man birki mai lamba DOT 3 sabo yana jure digiri 205 na Celsius, in ya sha ruwa ya sauko wajen 140, kuma da kansa yake jan danshi. Ka juye DOT 4, amma ban da DOT 5, ba ya haɗuwa da su. Ka duba tiyon roba ko ya kumbura, a saita takalman baya ma, in baya ba ya kamawa gaba ne ke shan wahalar duka.

Usta_Panteka: Na manta, in ka sa babbar kalifa feda ya yi nisa to masta, wato famfon man birki da feda ke turawa, ita ce ta yi ƙarama, nemi mai inci ɗaya. Kuma in kalifa 'yar Beljiyam ce ka tura fistin huɗun nan da hannunka a gaban mai shago, da yawa a cije suke.

Dan_Bukuru: Na gode Usta, na gode Injiniya. Man dai tun da babanmu ya rasu ciko kawai ake yi, gobe zan fara da shi.