Abin da ɗaliban zango suka tsayar kan bola da gota a Kumasi

Zaman da 'yan zango (unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Ghana) masu karatu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, suka yi kan muhalli, kusan duk surutun a kan ledar piya wata ya ƙare. Shawara dai kowa ya riƙa yawo da gorarsa, in kuma ka sha na leda ka cusa ledar a jaka har ka ga bola, don wadda ake yarwa ita ke toshe gota, ruwan sama na sauka sai ka ga unguwar Aboabo ta cika har cikin ɗakuna. Wata ta tuno ambaliyar Accra ta 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobara a gidan mai na kusa da shataletalen Kwame Nkrumah Circle.

An ce a daina ƙona shara bayan hostal, hayaƙin roba illa ne ga ƙirji. Masu tsintar roba na saye, a ware musu daban.

Galamsey kam, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, an yi ta cacar baki, kogin Offin ya koma kalar koko, amma gaskiya ɗalibi ba shi da ƙarfin hana wannan. Bishiya kuwa, in ka dasa ka dinga ba ta ruwa lokacin hunturu, ba ɗaukar hoto kawai ba.