Abin da aka tattauna kan rage gudun data mara iyaka

Jama'a, zancen yadda kamfanonin waya ke rage gudun datar da suke kira mara iyaka ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda ba yanke data ake yi ba, gudunta ake ragewa da zarar ka ci wani adadi. Saƙon WhatsApp zai shiga, amma bidiyo sai ya yi ta juyi. Sharaɗin yana cikin ƙananan rubutun da ba ma karantawa.

2. Kafin ka saya, tambayi gigabait nawa za ka ci kafin a rage, kuma kullum ake lissafi ko wata-wata.

3. Rage ingancin bidiyo, sannan ka sa ido kan yaran gida masu jona wayarsu da taka.

4. A kan ko rage gudun ya dace aka rabu. Wasu sun ce adalci ne, kada mutum ɗaya ya danne sabis ɗin unguwa. Mafi yawa sun ce yaudara ce, har aka kawo misalin kamfanin waya na AT&T a Amurka, da ya amince ya biya dala miliyan 60 a 2019 kan irin wannan. Ni dai ina bayan masu cewa yaudara ce.

5. Ƙorafi: fara da kamfaninka. In ka ji shiru, kira NCC, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, a 622, kyauta ne.