Masu koyar da lesin, ya kuke shirya zuciyarku kafin ku zauna da yaro?

Sabuwar Malama:
Assalamu alaikum malamai, dan Allah shawara nake nema. Wata huɗu kenan da na fara koyar da lesin, lissafi da turanci, yara uku gare ni kowa da lokacinsa. Shirya darasi bai dame ni ba, tun dare nake gama shi, abin da ya dame ni kaina ne. Sai in taso daga wurin aiki a gajiye kai ya ɗau zafi, ina zama gaban yaro sai in ji gangar jikina ce kawai a wurin amma hankalina yana can wani waje. Jiya wata yarinya 'yar shekara 9 ta kasa raba 56 gida 7, sau uku ina nuna mata, ban san sanda na ɗaga mata murya ba, yarinyar nan ta yi tsit har muka tashi ba ta ƙara cewa uffan ba. Wallahi da abin na kwana a raina. Ku da kuka daɗe a harkar me kuke yi kafin ku shiga?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam malama. Abin nan da kike ji ba ke kaɗai ba ce, akwai wata mai bincike Sophie Leroy da ta yi rubutu a kansa a 2009, ta nuna idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, musamman in bai gama na farkon ba, wani ɓangare na hankalinsa yana nan maƙale da na baya. Ni minti goma nake warewa. Sai in ɗauki takarda in rubuta duk abin da ke cin raina da inda zan ɗora in na gama, in ninke in sa a aljihu, in sa waya a sailen, sannan in ja numfashi ina ƙirga 4 in sauke a hankali ina ƙirga 6, kamar sau biyar. Ba wani abu ba ne mai yawa amma ina ganin bambanci sosai.

Tsohuwar Malama:
Ƙanwata tunda har abin ya hana ki barci to kina da zuciyar aikin, ki kwantar da hankalinki. Na fi shekara 20 ina wannan sana'a kuma abin da na gane shi ne yawancin fushin malami daga tsammani yake tasowa, kin shiga da tunanin ai na koya mata ranar Litinin dole ta iya, sai kika tarar babu, shikenan rai ya ɓaci. Alhali mantuwa haka take, tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya ga a sa'o'in farko bayan koyo ne abu ya fi saurin zubewa daga ƙwaƙwalwa, daga baya zubewar ta lafa. To ni tun a hanya nake gaya wa kaina yaron nan ya manta wani abu, aikina in nemo me ya manta.

Kuma kowane yaro yana da shafinsa a wani ɗan littafi nawa, layi uku kawai nake rubutawa bayan mun tashi, inda muka tsaya, abin da ya ruɗa shi, da abin da ya sa fuskarsa ta washe. Kafin in shiga shi nake karantawa ba littafin darasi ba, sai in ji yaron ya dawo min a rai da sunansa da halinsa. Sannan ki riƙa shiga da hanya ta biyu a hannu, don sau uku da kika nuna mata ina kyautata zaton hanya ɗaya kika maimaita. Da kin tambaye ta 7 sau 7, in ta ce 49 ki ce to ƙara 7, da kanta za ta ga 56 kuma ta ga 8. Malamin da ya san yana da wata dabara a ajiye ba ya saurin hasala.

Wani abu kuma, ki ƙudurta za ki yi shiru bayan tambaya. Mary Budd Rowe a Amurka ta gano wajen 1972 cewa malamai kusan sakan ɗaya kawai suke jira, in aka kai sakan 3 ko fiye amsoshin yara suna ƙara tsawo kuma masu yin shiru suna raguwa. Yarinyar kuma ki ba ta haƙuri, ba zai rage ki da komai ba.

Mai Lesin ta Zoom:
Duk na yarda amma gaskiya a duba jadawali ma. In kin jera yara uku ba tazara bayan kin wuni a aiki, ba numfashin da zai yi miki magani malama. Ni sai da na sa minti 15 tsakanin ɗalibi da ɗalibi, in tashi daga gaban kwamfuta in sha ruwa in ɗan taka, na kuma rage ɗalibi ɗaya duk da kuɗin ya ragu, sannan na daina jin haushin na ƙarshe wanda shi bai min laifin komai ba.

Sabuwar Malama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti gaskiyarki ne, hanya ɗaya na yi ta maimaita mata sai dai muryar ce ke ƙaruwa. Na samo littafin yau, kuma zan roƙi iyayen yaron ƙarshe su matsa min lokacinsa da minti 15. Ranar Laraba zan koma wurin yarinyar, in fara da ba ta haƙurin ne tun muna zama ko in bari sai ta ɗan sake da ni tukuna?